Gidan Abincin Tailan na Cikin Unguwa: Tarihinsa, Girkinsa da Masu Wahalarsa

A manyan biranen Amurka da Ingila da Ostireliya, da wuya a ratsa unguwa mai yawan jama'a ba a ga ƙaramin gidan abincin mutanen Tailan ba, galibi ɗaki guda mai tebura kaɗan, inda iyali ɗaya suke girki, suke kai wa baƙi abinci, suke kuma karɓar kuɗi. Wannan yawa abin lura ne, domin 'yan asalin Tailan da ke zaune a Amurka ba su kai rabin miliyan ba, alhali 'yan asalin Sin da Indiya da Filifin kowane rukuni ya haura miliyan huɗu, amma duk da haka abincin Tailan ya shiga sahun abincin baƙi da mutanen ƙasar suka fi sabawa da shi. Dalilan hakan suna cikin tarihin yaƙi da ƙaura da manufofin gwamnati, kuma birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya, inda al'ummar Tailan mafi girma a Amurka take zaune, shi ne wurin da ya fi dacewa a bi sawun lamarin daga tushe.

Ɗalibai ne suka fara zuwa, a shekarun 1950 da 1960, lokacin da yaƙin cacar baka ya ƙulla zumunci tsakanin ƙasashen biyu, Amurka tana ɗaukar Tailan a matsayin shingen da zai tare yaɗuwar kwaminisanci a kudu maso gabashin Asiya. Da yaƙin Biyetnam ya yi tsanani, sojojin saman Amurka sun yi amfani da sansanoni a Udon Thani da Ubon da Korat da Nakhon Phanom, dukkansu a arewa maso gabashin Tailan, kuma daga cikin dubban sojojin da suka zauna a can wasu sun auri mata 'yan ƙasar sun koma gida da su. A 1965 Amurka ta sauya dokar shige da fice, ta soke tsarin da ke taƙaita shigowar mutanen Asiya gwargwadon ƙasarsu ta asali, wanda hakan ya buɗe ƙofa ga 'yan uwa da ma'aikata. Da yawa daga cikin waɗanda suka iso ba su sami aikin da suka karanta ba, ko don ƙarancin Turanci ko don rashin takardun da hukuma ta yarda da su, shi kuwa gidan abinci sana'a ce da ake iya farawa da ɗan jari matuƙar akwai mata da miji da ƙanne da za su yi aiki ba tare da an yi cinikin albashi ba.

Babbar matsalar masu girkin farko ita ce kayan miya. Masanin tarihi Mark Padoongpatt, a littafinsa mai suna Flavors of Empire da ya fito a 2017, ya nuna yadda matan Tailan na Los Angeles suka riƙa neman abin da zai maye gurbin kayan da suka baro a gida, suna sayen na kantunan 'yan Sin suna gwadawa, da kuma yadda wasu daga cikinsu suka gano itatuwan makrut a garin Riverside suka riƙa tafiya takanas don tsinko ganyen. Makrut wani nau'in lemun tsami ne mai ƙurajen ɓawo, wanda ganyensa ake so fiye da ruwansa, kuma dokokin kare gonakin lemo daga cututtuka sun hana a shigo da shi yadda aka ga dama. Sauƙi ya samu ne a farkon shekarun 1970, lokacin da Pramorte Tilakamonkul ya buɗe kantin Bangkok Market a birnin, ya fara shigo da ruwan kifi da madarar kwakwa da taliyar shinkafa da yawa, yana kuma haɗa kai da manoma domin a shuka wasu ganyayen. Sai da aka sami wannan hanya ta kayan girki sannan gidajen abincin suka fara yawaita, abin da ke tabbatar da cewa ɗan kasuwa mai shigo da kaya yana da rabo a wannan tarihi daidai da mai riƙe da ludayi.

A ranar 27 ga Oktoba, 1999, majalisar birnin Los Angeles ta amince da sunan Thai Town ga wani yanki na titin Hollywood Boulevard, tsakanin titin Western da titin Normandie, bayan fafutukar ƙungiyar raya al'ummar Tailan da Chanchanit Martorell ta kafa a 1994. A nan ne ake gudanar da bikin Songkran, wato sabuwar shekarar gargajiya ta Tailan da ke faɗowa a watan Afrilu. Gwamnatin Tailan kuwa ta shigo lamarin ne a 2002, zamanin Firayim Minista Thaksin Shinawatra, da wani shiri mai suna Global Thai, wanda burinsa shi ne a ɗaga adadin gidajen abincin Tailan a ƙasashen waje daga kimanin 5,500 zuwa 8,000. An horar da masu girki, bankin gwamnati mai tallafa wa fitar da kaya ya ba da rance, ma'aikatar kasuwanci kuma ta fito da tambarin Thai Select da ake bai wa gidajen da aka gamsu da ingancin girkinsu. Lissafin gwamnati a fili yake: duk wanda ya saba da abincin zai sayi shinkafa da kayan gwangwani na ƙasar, wata rana kuma zai so ya kai ziyara. Sai dai masu rubutu kan wuce gona da iri wajen jingina nasarar gaba ɗaya ga wannan shiri, suna mantawa da cewa gidaje 5,500 ɗin da aka fara ƙidaya da su baƙin haure da 'yan ci-rani ne suka gina su da guminsu shekaru talatin kafin wani minista ya waiwaye su.

Abincin da kusan kowane sabon baƙo yake fara nema shi ne pad thai, wato taliyar shinkafa da ake soyawa a kasko mai zurfi kan wuta mai ƙarfi, tare da ƙwai da awara da tsiron wake da busasshen jatan lande, a zuba ruwan tsamiya da sukari da ruwan kifi, a barbaɗa dakakkiyar gyaɗa, a ajiye yankan lemun tsami a gefe. Duk da cewa duniya tana ɗaukarsa tambarin ƙasar, bai kai shekara ɗari da shahara ba. Plaek Phibunsongkhram, wanda ya zama Firayim Minista a 1938 kuma ya sauya sunan ƙasar daga Siam zuwa Tailan a 1939, shi ne wanda gwamnatinsa ta riƙa kwaɗaita wa jama'a cin taliya, wani ɓangare don kishin ƙasa, wani ɓangare kuma don rage cin tsabar shinkafa a lokacin da yaƙin duniya na biyu da ambaliyar 1942 suka jawo ƙarancinta. Ita kanta taliyar da salon suyar daga baƙi 'yan Sin aka koye su. A Bankok pad thai abincin mutum ɗaya ne, na gefen titi, wanda ake ci cikin hanzari da rana, saboda haka wanda ya tsaya a kansa kaɗai duk lokacin da ya shiga gidan abincin Tailan bai ga yadda mutanen ƙasar suke cin abinci a gidajensu ba.

Tsarin cin abincin iyali a Tailan ya ginu ne a kan shinkafa, sauran kwanuka duk mahaɗinta ne. Ana kawo su lokaci guda a jera a tsakiya: miya mai madarar kwakwa, da romo mai tsami, da soyayyen ganye ko nama, da kwaɗon kayan lambu mai yaji, wani lokaci da kifi ko wainar ƙwai, kowa kuma yana da farantin shinkafarsa, yana ɗebo cokali ɗaya ko biyu daga kwano guda ya ci, sannan ya koma wani. Hikimar ita ce kowane kwano yana gyara ɗan uwansa, mai yaji ya sami mai sanyi, mai maiƙo ya sami mai tsami, shinkafa kuma ta kwantar da su duka. Romon nan da ake kira tom yum, wanda hukumar UNESCO ta sanya nau'insa na jatan lande cikin jerin al'adun da aka gada a watan Disamba na 2024, ana kurɓarsa ne a tsakanin loma da loma. Gidajen abincin ƙasashen Turai da Amurka sun karkasa wannan tsari domin ya dace da al'adar baƙinsu ta fara shan romo, a biyo da babban faranti na kowane mutum, kuma a nan ne ake yin asara mafi girma, domin miyar da aka dafa da ƙarfinta don a ci kaɗan-kaɗan tare da wasu kwanuka huɗu takan gundure mutum idan ita kaɗai ya tasa a gaba. Da cokali ake ci, cokali mai yatsu kuwa aikinsa tura abinci cikin cokalin, al'adar da ta samo asali daga fadar sarakunan Siam a ƙarni na 19. Tsinkayen cin abinci irin na 'yan Sin na taliya mai romo ne kawai, kodayake gidaje da yawa suna ajiye su saboda baƙi suna tambaya.

Abin da mai girkin Tailan yake nema a kowane kwano shi ne daidaito tsakanin tsami da gishiri da zaƙi da yaji. Gishirin yakan zo ne daga nam pla, ruwan da ake tacewa bayan an jera ƙananan kifayen teku da gishiri a manyan randuna ko tankunan siminti an bar su shekara guda ko fiye, da kuma kapi, wani dunƙulen ƙananan jatan lande da aka cuɗa da gishiri aka shanya har ya ruɓa ya yi duhu. Matsayinsu a tukunyar Tailan kamar na daddawa ne a miyar kuka: ɗanyensu yana da wari mai ƙarfi, amma idan babu su miya takan fito salam. Tsami yana zuwa daga lemun tsami da tsamiya, zaƙi kuma daga sukarin da ake dafawa da ruwan furen kwakwa ko na wata bishiya 'yar uwar giginya. Barkono, wanda a yau ba a iya raba shi da sunan Tailan, baƙo ne daga nahiyar Amurka, 'yan kasuwar Fotugal ne suka kawo shi yankin bayan sun fara hulɗa da masarautar Ayutthaya a ƙarni na 16, kafin nan kuwa masoro da citta da danginsu ne suke ba da zafi. Mai girki ba ya ɗaukar cewa hukuncinsa ne na ƙarshe, shi ya sa ake ajiye ƙananan kwalabe huɗu a kan tebur, na ruwan kifi da na sukari da na garin barkono da na binega mai yankakken barkono, domin mai cin taliya ya gyara ta yadda harshensa yake so.

Miyar da ake kira kaeng, wadda Turawa suke haɗawa da miyar Indiya a ƙarƙashin suna ɗaya duk da bambancinsu, tana farawa ne daga turmin dutse. A ciki ake daka barkono da tafarnuwa da ƙananan albasa da kapi da ɓawon makrut da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da wata saiwa dangin citta mai suna kha, har su zama laushi ɗaya, sannan a soya haɗin a cikin kakkaurar madarar kwakwa har mai ya taso. Koriyar miya daga ɗanyen koren barkono take samun launinta, ja kuma daga busasshe. Wannan daka aiki ne mai cin lokaci da ƙarfi, don haka yawancin ƙananan gidaje suna amfani da haɗin gwangwani irin na kamfanonin Mae Ploy da Maesri, wanda hakan ne ya sa miyar gidaje da dama take kama da juna ko da birni ya bambanta. Ba a ga laifinsu ƙwarai ba idan aka dubi farashin da ake biyansu, amma gidan da ya ɗauki nauyin daka nasa ya cancanci a san da shi, a kuma biya shi daidai wahalarsa.

Akwai wasu sauye-sauyen da harshen maƙwabta ya tilasta. An ƙara sukari, an rage kapi, an cusa karas da tattasai a inda babu su a asali, wasu ma suna zuba tumatirin kwalba a pad thai maimakon tsamiya. Abincin nan na yau da kullum mai suna pad kaphrao, wato niƙaƙƙen nama da ake soyawa da barkono da tafarnuwa da wani nau'in ɗoɗɗoya mai ɗan zafi, sau da yawa da wata ɗoɗɗoyar daban mai zaƙi ake yin sa a ƙasashen waje, saboda ta ainihin ba ta jure ajiya. An kuma ƙirƙiro ma'aunin yaji daga ɗaya zuwa biyar, wanda mai kai abinci yake tambayar baƙo ya zaɓa, alhali a girkin asali kowane abinci da gwargwadon yajinsa, wani ma ba ya buƙatar barkono sam. Saboda haka gidaje da yawa suke da takardar jerin abinci iri biyu, ɗaya da Turanci don jama'a, ɗaya da rubutun Tailan don 'yan gida.

A wannan takarda ta biyu ne ake samun girkin yankuna. Arewa maso gabas, yankin da ake kira Isan, wanda mutanensa suke magana da harshe na kusa da na ƙasar Laos kuma suka daɗe suna zuwa ci-rani Bankok saboda talauci da fari, shi ya ba da som tam, kwaɗon ɗanyar gwanda da ake kankarewa siri-siri a daka sama-sama da barkono da lemun tsami, da larb, niƙaƙƙen nama mai tsami da ake barbaɗa wa garin gasasshiyar shinkafa, da gasasshiyar kaza, duka ana cin su da hannu tare da shinkafa mai danƙo da ake turarawa a kwando. Kudu kuwa girkinta ya fi kowanne zafi, da kurkum da kifi da yawa. Gidan abincin Jitlada da ke kusa da Thai Town ya yi suna ne bayan da aka fassara jerin abincinsa na kudu, wanda a da da rubutun Tailan kawai yake, kuma Jonathan Gold, marubucin da ya sami lambar Pulitzer a 2007 saboda sharhinsa kan gidajen abinci, ya yaba shi. Shi ne kuma ya fito da sunan Lotus of Siam, wani gida da a lokacin yake cikin jerin shaguna marasa ado a Las Vegas, mai girkin arewacin Tailan. Abin da ya faru da waɗannan gidaje biyu ya nuna cewa masu gidajen abinci sun daɗe suna raina juriyar baƙinsu, baƙin ma sun daɗe ba sa tambaya.

Shinkafar da ake kawowa a waɗannan gidaje ita ce hom mali, doguwa mai laushi da ƙamshi, wadda aka fi nomawa a Isan sau ɗaya a shekara da ruwan damina. Ta bambanta da shinkafar Tailan da kasuwannin Kano da Maraɗi suka sani, wadda ake jiƙawa a turara da ƙaiƙayinta kafin a casa, wato gumi, don ta yi tsayuwa ta jure dahuwa. Tailan ta shafe kimanin shekaru talatin tana kan gaba a duniya wajen fitar da shinkafa kafin Indiya ta karɓe matsayin a 2012, Nijeriya kuma tana cikin manyan masu sayen gumin nata, kai tsaye ko ta tashar Kwatano, har zuwa lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da shinkafa kuɗin waje a 2015, gwamnati kuma ta rufe iyakokin tudu a watan Agusta na 2019.

Musulmin da zai ci abinci a irin wannan gida yana da abin da ya kamata ya bincika. Naman alade shi ne naman yau da kullum a yawancin Tailan, yakan kuma ɓuya a inda ba a zata ba: a romon ƙashin da ake dafa taliya da shi, a cikin naɗaɗɗen fulawar da ake soyawa, a larb, kuma a kasko ɗaya ne ake soya komai a gidajen da ba su ware ba. Ruwan kifi da kapi ba su da matsala a mazhabar Malikiyya, wadda ta halatta dukkan dabbobin ruwa, sai dai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko jatan lande ya wajaba ya faɗa tun kafin a ɗora tukunya. Ita kanta Tailan tana da Musulmi kusan kashi 5 cikin 100 na jama'arta, su ne mafi rinjaye a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat da Satun da ke kudancin ƙasar kusa da Maleshiya, akwai kuma majalisar ƙoli ta harkokin Musulunci mai ba da shaidar halal, da cibiyar binciken halal a Jami'ar Chulalongkorn. Wasu daga cikin fitattun abincin ƙasar ta hannun Musulmi suka zo. Massaman, miya mai kirfa da kanumfari da dankali da gyaɗa, ana danganta ta da fatake Musulmi, musamman Farisawa, da suka zauna a Ayutthaya a ƙarni na 17. Khao soi, taliya mai romon kwakwa ta birnin Chiang Mai, ana danganta ta da fatake Musulmi 'yan lardin Yunnan na Sin. Khao mok kuwa dafa-dukar shinkafa ce da kaza da kurkum. Asalin abinci dai ba ya wadatar da tambaya game da yankan naman da aka sa a ciki.

Ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba shi ne na farashi da ma'aikata. Jama'a sun saba ɗaukar abincin Tailan a matsayin mai araha, za su biya kuɗi mai yawa a kan taliyar Italiya ba tare da ƙorafi ba, amma su yi tsaki idan an ƙara dala ɗaya a kan miyar da kayanta suka tsallako teku. Wannan araha wani ne yake biyanta, kuma Padoongpatt ya nuna cewa sau da yawa ma'aikatan ɗakin girki ne, 'yan Tailan da 'yan Latin Amurka, waɗanda wasunsu ba su da takardun zama, suna aiki tsawon yini a kan ladan da bai kai na doka ba, tsoron kora daga ƙasar kuma yana hana su kai ƙara. Al'ummar Tailan ta Los Angeles ba ta manta da watan Agusta na 1995 ba, lokacin da hukuma ta kuɓutar da 'yan ƙasar 72 da aka tsare a wani gida a garin El Monte ana tilasta musu ɗinkin tufafi. Wancan lamari na masu ɗinki ne, amma raunin da ya ba da damar faruwarsa, wato bashi da rashin takardu da rashin harshe, yana nan a wasu ɗakunan girki. Masu kai abinci a Amurka sun dogara ƙwarai da tukuicin da al'ada ta tsayar a kan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin abinci, kuma hana shi zalunci ne ga wanda ba shi ya yanke farashi ba.

A Bankok, Supinya Junsuta, wadda aka fi sani da Jay Fai, ta sami tauraron Michelin, wato lambar yabo ta gidajen abinci, a ƙarshen 2017 tana soya wainar ƙwai da naman ƙaguwa a kan gawayi a wani shago na bakin titi, tana kuma sayar da ita da tsada saboda ta ƙi rage ingancin kayanta. Ƙananan gidajen unguwa a ƙasashen waje ba su da irin wannan dama. Kuɗin haya yana hawa, kamfanonin da ke kai abinci gida ta manhajar waya suna yankar abin da kan kai kashi 30 cikin 100 na ciniki, taliyar da aka soya don a ci nan take kuma takan dunƙule ta yi sanyi a kwali kafin ta isa. 'Ya'yan waɗanda suka kafa gidajen da yawansu sun yi karatu sun kama wasu ayyuka, kamar yadda iyayen suka yi fata, waɗanda suka dawo sana'ar kuwa sun fi karkata ga girkin yanki guda, Isan ko arewa ko kudu, da gajeren jerin abinci, da farashin da ya haura wanda iyayensu suka taɓa sakawa.